Ɗigo Miliyan Sittin

Nomau ya dawo daga Abijan da jaka guda
da kyamara a wuya, baƙa wuluk, tana ƙamshin kwali.
Ya ce: wannan babu madubi a cikinta,
haske da kansa yake shiga, ba ya aiko ɗan saƙo.
Na ce: tawa ma haka take,
ta hannu ce dai, daga Yamai,
biya huɗu na yi, har mai shagon ya gane tarina.

Tasa ɗigo miliyan sittin da ɗaya.
Tawa ashirin da huɗu.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Na ce mu je tudu ya raba gardama.

Muka bar Tawa kafin kiran farko,
hanyar Keita, ƙarshen damina,
gero ya yi nauyi yana gaida ƙasa.
Muka hau baƙin dutsen Adar,
muka kafa ƙafa-uku biyu gefe da gefe
kamar zalɓe biyu suna jiran kifi ɗaya.

Rana ta leƙo.
Kwarin ya buɗe a ƙasanmu:
jan laka, layukan duwatsun tare ruwa,
tabki kamar tasar da aka manta a gona,
gawo tsirara alhali kowa ya yi riga.
Ƙyas, in ji tasa.
Ƙyas, in ji tawa, ta ɗan makara.

Da dare, a zauren Asumana tela,
shayi na biyu yana kan gawayi,
muka jera su a allon kwamfuta.

Gaskiya ɗaya ce: tasa ta fi kaifi.
Ana ƙirga ƙayar bagaruwa,
ana ganin inda akuya ta ciji ganye.
Amma sararin samanta ya ƙone fari fat,
kamar an wanke shi da sabulu.
Tawa ta riƙe wannan ja-ja na goro
da ke tsakanin gajimare da dutse,
sai dai in ka tono inuwarta
dusa ce zalla, tsaba-tsaba.
Ya ce laifin hannuna ne, na buɗe ido da yawa.
Na ce kowa ya faɗi, ƙasa ce da santsi.
Asumana, allura a baki, ya ce
shi dai bai ga wadda ta ɗauko sanyin safiyar ba.

Nomau ya ce tsaya ka ga aikin kuɗi.
Ya zuƙo kusurwar hagu,
ya ƙara zuƙowa,
ya wuce tabkin, ya wuce rumbuna uku,
har wani ɗigo da na ɗauka kututture ne
ya yi kafaɗa,
ya yi malafa mai yagaggen baki,
ya zama tsoho a duƙe yana gyara layin duwatsu,
hannu ɗaya a dutse, ɗayan a sanda.

Shayi ya tafasa ya zube, ba wanda ya tashi.

Ya ce: yaushe Baba ya fara riƙe sanda?

Kwanansa tara da dawowa.
Yana jiran ɗinkin Asumana ya fito,
kada ya shiga ƙauye da rigar tafiya.

Na duba tawa a wuri guda.
Babu malafa, babu sanda,
tabo ne kawai, baƙi-baƙi,
ƙarƙashin samaniya mai kyau ƙwarai.
Kyamarata mai rufa asiri ce.

Ya rufe allon a hankali.
Ba mu ce ga wadda ta ci ba.
Da asuba na ji tashin babur ɗinsa,
rigar tana nan a kan keke, hannu ɗaya ba a haɗa ba,
kyamarar kuma a kan tabarmata,
murfi a idonta.