Soron Rijiyar Ɗorowa

Ranar rabon gado aka kira mai awo.
Ya ja igiya daga zaure har bakin rijiya,
ya ce shago goma sha biyu za su fito
in an kwantar da soron.
Kawu Nomau ya gyaɗa kai.
Ni ina kallon zankwaye,
ɗaya ya karye, ɗaya na tsaye
kamar kunnen zomon da ya ji motsi.

Da fatar jar akuya kakanmu ya gina shi,
ƙirgi nawa, babu wanda ya rubuta.
Tafin maginin farko na nan saman alkuki,
yatsu huɗu da rabi.

Na nemo Arzika magini a Gidan Igwai,
idonsa ɗaya ya yi yana.
Ya ƙwanƙwasa bango da gindin sanda,
ya kara kunne, ya daɗe.
"Wanga gida da ranshi," in ji shi.
"Wa ya lafta mishi siminti?
Ƙasa numfashi takai, kun toshe mata hanci."

Muka ɓamɓare.
A ƙarƙashi sai ga zane, an naɗe shi kamar igiyar guga,
ko Inna ta manta da shi.
Gara ta cinye azara bakwai.
Na sayar da babur na sayo giginya,
muka jiƙa makuba har maƙwabta suka yi ƙorafin wari,
yaran unguwa suka taka birji don a ba su ƙosai.

Daren ruwan farko ban runtsa ba.
Na kwanta ƙarƙashin ɗaurin guga da fitila,
indararo na ta amai a waje.
Ɗigo ɗaya ne, can kusurwar gabas.
Na tara masa kwano.

Yanzu dukawa shida ke haya a zaure,
ƙamshin jima ya koma gidan da ya gina.
A bene Malama Ige ta jera takardun ajamin kaka,
ɗalibai na cire takalmi su hau, suna karatu da yatsa.

Sabon zankon bai dace da tsohon ba,
ya fi shi ja. Arzika ya ce a ba shi damina uku.

Kawu Nomau bai ce komai ba har yau.
Sai dai in zafin bazara ya kai azahar,
kwanon shagonsa ya fara ƙara,
ya kan zo da tabarmarsa a hammata,
ya shimfiɗa jikin bangon da ya so a rushe.