Jumlar Farko

Sau uku Dokta Oyelaran tana mayar mini da takardata,
jan biro ya zagaye sakin layi na farko
kamar an yi wa gona shinge.
A gefe ta rubuta: Me kike son cewa?

Ni a ganina na faɗa.
Na fara da "Tun fil azal ɗan Adam yake buƙatar ruwa,"
na gaida mai karatu, na tambaye shi gajiya,
na tambayi mutanen gida,
don Inna Hansatu ta hore ni
ba a tarar mutum da buƙata
sai an shimfiɗa masa tabarma.
Layi goma sha ɗaya ina ta shimfiɗa,
baƙon bai zauna ba.

Ran Laraba na fito daga Akoka da yamma,
ruwa ya tsuge, takalmina ya sha taɓo.
A Yaba ga kwandasta rataye da ƙofar danfo,
wuya ya yi jijiya: Mushin! Idi-Araba!
Bai ce sannu ba,
bai kawo tarihin titi ba,
inda za shi kawai ya faɗa.
Mai zuwa ya shiga, wanda ba can ya nufa ba ya matsa.
Wata mata ta ce ai Ojuelegba ta cushe,
ya ce shigo ki gani.

Na shiga na takure
tsakanin kwandon tattasai da gwiwar wani tela,
na ɗora takarda a cinya,
mota na tsalle, biro na zamewa,
na kashe layi goma sha ɗayan nan da zane ɗaya.
Na rubuta:
"Ba talauci ne ya haifi masu tura ruwa a Idi-Araba ba,
famfon da ya daina zuwa ne."
Sai na ji tsoro.
Jumlar ta tsaya tsirara, ba mayafi,
kowa na iya jifan ta.

Da dare na karanta wa Kawu Sahabi,
shekara goma sha tara yana tura kura,
jarka goma sha biyu kowane sawu.
Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ba haka ba ne, Barira.
Ni fari ne ya koro ni daga Illela,
ban san da wani famfo ba."
Muka yi ta ja har aka ɗauke wuta.

A cikin duhun na yi murmushi.
Jumlar "tun fil azal"
ba wanda ya taɓa ajiye kofi dominta.

Yanzu saura shafi tara.
Na riga na kira sunan unguwa,
fasinja sun shiga, Kawu na kujerar gaba
yana jiran ya ga ta inda zan bi.