Lissafin Baba Jatau

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da mabuɗan ɗakin maza
a gidan nan na bayan tashar jirgi,
wanda mutanen Sabon Gari ba sa kiran sunansa,
sai dai su nuna shi da haɓa.

Ran Laraba takardar ta zo.
Akawu Sidi ya karanta mana ita a tsaye, bai dubi kowa ba:
kasafi ya gaza,
kowace shiyya ta ji da majinyatanta,
filin nan kuwa ya yi kusa da layin dogo,
asara ce a bar shi haka.
An sayar. Sito za a yi.

Na ce, to, su fa?
Ya ce, Lantana, takarda ba ta ce komai a kansu ba.

Ba ranar aka fara ba.
Tun bara nake raba ƙwaya biyu da reza,
rabi da safe, rabi in ihu ya tashi.
Tun bara nake rubuta sunan magani a bayan kwali
in ce wa dangi su gwada kemis a Tudun Wada,
su karɓa da hannu biyu, su yi godiya,
ba su sake dawowa ba.

Baba Jatau yana bakin taga.
Shi ke canza wa jirgi layi a zamaninsa,
jar tuta a dama, koriya a hagu,
kafin wani abu ya goce masa a ka
ya hau layin da ba shi da tasha.
Ya manta Juma'a, ya manta sunan 'yarsa,
amma in jirgin kaya ya doso daga Kaduna
tafin ƙafarsa ke riga kunnenmu ji.
Ɗaya, siminti. Biyu, siminti. Uku, taki.
In ya kai sha bakwai, ranar zai ci tuwo.
In jirgi bai zo ba, sai lallashi.

Mako uku aka ba mu.
Ƙanen Nomau ya zo daga Giwa a kan babur,
na hango sarƙa a cikin buhunsa,
na sunkuya ina gyara takalmi.
Mutum huɗu aka sa a mota zuwa inda aka ce akwai gado.
Ɗanlami bai jira kowa ba, ya fita da ƙafarsa,
yanzu yana ƙarƙashin gadar Kwangila yana ba motoci hannu,
in na wuce ya ce, Sista, lokacin allura ya yi?

Gadajen ƙarfe kuwa, 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli.
Su dai an san nauyinsu.

Jiya na bi ta wurin.
An sare mangwaron, an yi sabon kwano mai sheƙi,
ga maigadi, ga fitila har tsakar dare,
abin da muka roƙa shekara tara.
Buhuna kwance a jere kan katako, kar sanyin ƙasa ya taɓa su,
kowanne da lambarsa.
In ɗaya ya ɓata, sai an tashi Zariya tsaye.

A tsallake, gindin dogonyaro, na iske Baba Jatau
da tsumma ja ɗaure a kara.
Bai gane ni ba sai da mabuɗan suka yi ƙara a jakata,
don har yau ban san wanda zan miƙa wa ba.
Ya ce, mu nawa ne a ɗakin?
Na ce, talatin da ɗaya.
Ya ce, wa ya ƙirga da aka sauke mu?

Kafin in sami amsa, ya ɗaga yatsa,
ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasa.
Ni ban ji komai ba tukuna.