Maɓalli Uku

A Gdansk, hawa na huɗu, taga na duban tashar jiragen ruwa,
Jagoda ta shigo da naɗin zaren roba a hammata,
ja wur, an karya masa farashi.
Araha ba ta ado, amma wa ya tsaya ji?

Akodiyon kakanta Bogumil ya zubar da maɓalli uku.
Tun bara yake tsallake gurbinsu in yana kiɗa,
kamar mai ɗingishi a matakala.

Ta ce mai kauri ai ya fi ƙarko.
Milimita biyu da ɗigo tamanin da biyar.
Injin nata kuwa maƙogwaronsa siriri,
ɗaya da ɗigo saba'in da biyar yake haɗiya,
ko silin gashi ba ya ƙarawa.
Ta tura, ya ƙi.
Ta fere bakin zaren da wuƙar albasa, ta sake turawa,
haƙoran ciki suka yi ƙas-ƙas, suka tofo gari.

Tsoho bai ce uffan ba.
Ya zaro ma'aunin ƙarfen
da ya shekara talatin yana auna ƙusoshin jirgi,
ya matse zaren, ya nuna mata lamba,
ya auna bututun, ya sake nuna mata.

Washegari Ludwik na hawan ƙasa, mai babban inji,
ya karɓi jan, ya miƙo siriri,
kore shar, launin da ta fi tsana.

Dare ya raba inji na ɗora layi bisa layi.

Yanzu kore uku na zaune cikin farare.
Bogumil ya danna na tsakiya,
ya daɗe bai ɗaga yatsa ba.