Abin da Mita Ta Ce

A bayan shagona na Ƙofar Ruwa,
inda matattun batura ke jiran 'yan gwangwan,
na yanka farantin da ba ya tsatsa gida shida,
na jera su tsaye cikin robar alewa,
tsakanin kowane biyu ɗan guntun silifa
don kada su taɓa juna.
Ruwan leda uku. Kanwa, rabin cokali.

Nafi'u ya kashe Adaidaitarsa a bakin kwata,
ya tsuguna, ya ce, "Oga, in wannan ta yi,
ni da gidan mai sai dai gaisuwa daga nesa."

Ban tanka ba. Na ɗauko mita.

Ita mita, in ampiya kake nema,
ba a raɓa ta a gefe kamar 'yar kallo.
Yanke waya za ka yi, ka sa ta a tsakiya,
duk wutar da za ta wuce ta bi ta cikinta,
kamar mai yankan tikiti a ƙofar tasha.
Wata Talata na koyi wannan,
ranar da fis ya ce ɗas,
ya bar ni da ƙauri da tafiyar Sabon Gari.

Barira, 'yar ƙanwata, ita ce da biro,
da ragowar littafin lissafinta na bara.
Na maƙala jar waya. Na maƙala baƙa.
"Biyu da ɗigo huɗu," in ji ta.

Ruwa ya soma raɗa.
Ƙananan kumfa kamar ƙwan kifi
suna hawa jikin ƙarfe, suna saki,
na wannan gefe ninkin na wancan.
Ashe tun da can iska biyu ce a ɗaure
muke sha, muke alwala, ba mu sani ba.

Minti goma. "Uku da ɗigo ɗaya."
Ba mu ƙara komai ba, robar ce ta yi ɗumi.
Ruwa in ya ji zafi sai ya saki hanya,
hanya in ta saku sai wuta ta yi yawa,
wuta in ta yi yawa sai zafi.
Ina cikin wannan bayani
Nafi'u ya dumbuzi kanwa ya watsa.

"Shida. Bakwai. Kawu, takwas!"
Mitata a goma ta tsaya, ba ta san sha ɗaya ba.
Waya ta yi laushi kamar taliya a tukunya,
ruwa ya koma kalar tsimi.
Na fizge.

Shiru, sai gudumar maƙwabci.

Na ce, Barira, sha biyu sau takwas.
Ta ce casa'in da shida.
To ga abin da batir ya biya,
ga kuma abin da aka ba mu:
balan-balan ɗaya, bai kai kwakwa ba.
Sauran duk ya tafi dafa ruwa,
ruwan da ko mai shayi ba zai karɓa ba.
Banza ba ta kai zomo kasuwa, Nafi'u.
Abin da ka raba da wuta
ba ya mayar maka fiye da abin da ya ci.

Muka kai shi fili, nesa da masu walda,
na ɗaura ashana a kan dogon kara.
Fau!
Tattabarun kan kwano suka watse.
Iska biyu sun sake haɗuwa,
ruwa ya koma ruwa, bai ko yi sallama ba.

Nafi'u ya kaɗe wando, ya duba tanki,
ya nufi layin mai na hanyar Katsina.

Ina naɗe waya, Barira ba ta tashi ba.
Ta ce, "In aka ƙara kaurin silifar fa?
In aka sa robar a cikin randa?"
Ta ja sabon layi da gefen katin waya,
ta rubuta Laraba a sama,
ta bar gurbin lamba a buɗe.