Rabon Magarya

Shekara tara tafkin bayan gidanmu bai ga ruwa ba.
Ranar da aka kai Baba makwancinsa
Inna ta ce a zare toshiyar, aka zare.
Kyanwa ta haihu a ciki har sau uku,
tattabarun Jidda suka mai da shi masai,
wata kujerar roba mai ƙafa uku ta tare a kusurwa.

Sai likita ya latsa gwiwar Inna Kande ya ce:
ƙwaya ta yi iyakar yinta, ki riƙa tafiya cikin ruwa.
Ta yi dariya har ta share ido.
Ni kuwa na fita neman ɗan kwangila.

Na fari ya zo da farar mota da ƙamshin turare,
daga baki ya leƙa, bai sauka ba,
ya ce riyal dubu arba'in, har da fitilu masu canza launi.
Na biyu ya ce dubu tara, gobe-gobe.
Ya karɓi kafin alƙalami,
wayarsa a kashe take har yau da nake maganar nan.
Na san araha ba ta ado,
amma sai da na saya na yarda.

Na uku Usta Mamuda ne, dattijo daga Karantina,
kakansa a ƙafa ya zo daga Haɗeja,
Hausarsa da ɗanɗanon Larabci, kamar shayi da na'ana'a.
Ya tuɓe takalmi, ya sauka da 'yar guduma,
yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, kunne a karkace,
sai ka ce mai zaɓen kankana.
A bangon gabas ya tsaya.
Ya ce, ba tsufa ba ne, ɓarawo gare ku,
ga shi can a tsaye.
Ya nuna magaryar da Baba ya dasa.
Saiwarta ce ta ji ƙishi ta fasa siminti.

Na ce, to a sare.
Daga taga Inna ta ce, mai gatarin ya fara da ni.

Usta ya shafa gemu, ya auna da igiya,
ya ce a rage tafkin kamu biyu,
a ja sabon bango, a bar wa itacen rabonsa.
Muka rubuta a takarda: dubu goma sha bakwai,
biya uku, mako uku.

Mako uku ya haifi bakwai.
Yau yashi bai zo ba, gobe yaronsa na zazzaɓi,
injin tace ruwa na hanya, kullum yana hanya.
Na ɗaga masa murya wata Laraba, da gumi har cikin ido,
ya bar ni na gama, ya ce,
siminti ba ya jin tsawa, sai ya ga dama yake bushewa.

Da yamma na tarar da wani ɓallin tsohon daɓe a bakin ƙofa,
an yanko shi a hankali, an wanke.
Tafin hannun yaro ne a jiki, yatsu biyar a baje,
a ƙasa an ja da ƙusa, rubutun Baba:
Sabi'u, shekara huɗu.
Na ɗora hannuna. Ya rufe shi duka.
Wannan bai shiga lissafin Usta ba.

Ranar da tanka ta juye ruwa
Inna ta sauka da doguwar rigarta, ta kama ƙarfe,
ruwa iya ƙugu, tana ƙirga taku a fili.
A na goma sha ɗaya ta daina ƙirgawa.

Yanzu kowace asuba, kafin in tafi aiki,
ina tsaye da raga ina tsince ganyen magarya.
Ba ta gode ba, ba ta kuma fasa zubarwa ba.