Randar Dare

A Damagaram tun muna yara muka sani:
famfo ba ya magana da rana.
Sai dare ya raba ka ji yana tari,
ka tashi da bokiti, ido rabi a rufe,
gobe ka sha abin da ka hana barci ya ci.

Rezo ma ɗan garin nan ne. Halinsu ɗaya.

Shi ya sa na jawo tsohuwar kwamfuta
daga ƙarƙashin tebur, a ɗakin karatunmu na Zengo,
na kakkaɓe ta, gizo-gizo ya kwashe iyalinsa,
na ce mata: daga yau ke randa ce.

Kwana biyu ina ɗura mata manhaja.
Kuran ya ɗauke ana kashi tamanin da bakwai.
Na zauna cikin duhu ina ɓarar gyaɗa,
ban zagi kowa ba,
ko da yake na yi niyya.

Sai wurin tsari: baƙin allo, fararen baƙaƙe.
Tambaya take kamar sabuwar ƴar aiki.
Daga wace rijiya zan ɗebo? Na rubuta mata sunan.
Ƙarfe nawa? Uku na dare, lokacin da layi ya huta.
Wane zance zan kwaso, wanne zan bari?
Kyari na son lissafi.
Gambo tela na son gyaran keken ɗinki.
Kwana nawa zan riƙe labari kafin in zubar?
Na sa bakwai.
Malama Falmata ta leƙo ta kafaɗata:
"Bakwai? Zancen iri da taki ba fura ba ne
da zai yi tsami a mako. Sa arba'in."
Na sa arba'in.

A kan benci na kwana, sauro ya karɓi ladansa.
Da asuba na buɗe murfi.
Ko ɗigo.

Na bi sawunta layi-layi.
Ashe ta je rijiyar, ta ga ruwan,
ta juyo hannu rabbana.
Batirin agogonta ne ya mutu tun tuni,
tana zaton muna shekarar da aka yaye ƙanwata,
duk wasiƙar da ta tarar sai ta duba kwanan wata
ta ce wannan daga gobe take,
ni kuwa ba na karɓar saƙon gobe.

Na yi dariya har mai gadi ya leƙo.
Kakata ke nan sak,
da har yanzu take taya tiyar gero da kuɗin zamaninta.

Dala hamsin wajen mai gyaran agogo a Kasuwar Dole,
ɗan abu kamar maɓallin riga.
Na maƙala mata, na faɗa mata ranar da muke.
Ba ta yi musu ba.

Dare na biyu lambobi suka fara hawa,
ɗari, ɗari uku, dubu da ɗari huɗu da sha biyu,
fankarta na huci kamar jakin ga-ruwa a hawa.

Yau da azahar rezo ya sake ɓata.
Samari sun hau duwatsun Birni
suna ɗaga wayoyi sama kamar masu neman wata.
Mu a nan allo huɗu, igiya shuɗiya ɗaya ta bi gindin bango,
kowa ya duƙa yana kamfata.
Kyari na cizon biro.
Gambo ya gano abin da ke tsinka masa zare tun bara.

Falmata ta rubuta amsa kan tsutsar gero,
da yatsa biyu, a hankali,
ta danna, ta juyo: "Ta tafi?"
Na ce tana tasha, motar dare take jira.
Ta ce to, a gaya mata kada ta yi barci.

Na ja ƙofa, na sa kwaɗo.
Ta kafar taga ƴar koriyar fitila na ƙiftawa.
Saura in je gida,
Inna ta ce bokitin jiya yana yoyo.